Farfaɗo da akwariyom na ruwan gishiri bayan tsananin zafi

Farfaɗo da akwariyom na ruwan gishiri bayan tsananin zafi shi ne jerin matakan da ake bi don ceto kifaye da murjani da rayayyen dutse idan zafin ruwan tanki ya haura abin da waɗannan halittu ke iya jurewa. Akasarin tankunan da ke kwaikwayon tekunan ƙasashe masu zafi ana riƙe su ne tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salsiyos. Idan zafin ya wuce digiri 30 ya daɗe a haka, murjani yakan fara wahala, idan kuma ya kai digiri 33 zuwa 35 ana iya yin asara mai yawa cikin sa'o'i kaɗan.

Ɓarnar takan zo ne kashi biyu. Kashi na farko shi ne abin da zafin ya kashe kai tsaye. Kashi na biyu yana zuwa ne bayan ruwan ya huce, lokacin da gawarwakin halittun da suka mutu suka fara ruɓewa, suna cinye iskar oksijin suna kuma sakin amoniya. Wannan kashi na biyu sau da yawa shi ne ke ƙarasa abin da ya tsira, kuma shi ne wanda mai tanki yake da ikon hanawa. Rayayyen dutse kuwa ba safai ake rasa shi gaba ɗaya ba, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinsa sun fi murjani da kifi jure zafi.

Sunaye

Kalmar akwariyom daga Latin take. Masanin halittu ɗan ƙasar Ingila, Philip Henry Gosse, shi ne ya yaɗa ta a littafinsa na shekarar 1854, shekara guda bayan buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan a 1853. Kalmar murjani kuma Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma an fi saninta da ma'anar jan dutsen ado da mata ke sawa. A wannan maƙala ana nufin dabbar tekun kanta, wadda ke gina ƙashi na kalsiyam kabonet.

Rayayyen dutse ba shi da rai a karan kansa. Tsohon ƙashin murjani ne mai ramuka da yawa, wanda bakteriya da soson teku da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da gansakuka suka mayar gidansu. Su ne ran da ake nufi.

Tarihi

A farkon shekarun 1960 wani mai kiwon kifi a Indunusiya, Lee Chin Eng, ya bayyana hanyar riƙe tanki da duwatsun da aka ɗebo daga teku tare da hura iska kawai. A shekarun 1970 da 1980 masu kiwo a Jamus suka inganta wannan tunani, suka haɗa rayayyen dutse da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa mai cire datti. Wannan tsari shi ake kira tsarin Berlin, kuma rubuce-rubucen Peter Wilkens na cikin abubuwan da suka yaɗa shi.

Shekaru da dama ana kawo dutsen ne daga Fulorida da Fiji da Tonga da Indunusiya. Zuwa shekarar 1997 Amurka ta hana ɗebo shi daga ruwan gwamnatin tarayya da ke kewaye da Fulorida, sai dai wanda aka noma ta hanyar zuba busasshen dutse a teku har halittu su kama shi. A ƙarshen 2017 Fiji ma ta dakatar da fitar da shi. Cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Waɗannan dokoki sun sa tsohon dutse na asali ya yi tsada da wuyar samu, shi ya sa masu tanki ke ƙoƙarin farfaɗo da wanda suke da shi maimakon zubar da shi.

Abubuwan da ke jawo zafi

Babban dalili shi ne lalacewar hita. A cikin hitoci da yawa akwai wani ɗan maɓalli na ƙarfe da ke kunna wuta ya kashe ta gwargwadon zafin ruwa. Idan ya tsufa yakan manne a kunne, sai hita ta ci gaba da aiki ba tsayawa. Litar ruwan teku ɗaya tana buƙatar kimanin kilojul 4 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Hita mai ƙarfin wat 300 tana fitar da kilojul 1,080 a sa'a guda. Saboda haka a tanki mai lita 200 tana iya ƙara fiye da digiri ɗaya a kowace sa'a, idan ba a lissafa zafin da ke fita ta gilashi da saman ruwa ba. Dare ɗaya ya isa ya kai tankin daga digiri 26 zuwa sama da 33.

Sauran dalilan sun haɗa da:

Lalacewar na'urar sanyaya ruwa ko toshewarta da ƙura.

Fitowar ma'aunin zafi daga cikin ruwa, wanda ke sa na'urar sarrafawa ta ɗauka ruwan ya yi sanyi ta bar hita a kunne.

Fitilu masu zafi, musamman tsofaffin fitilun metal halaid, a ƙarƙashin rufaffen murfi.

Zafin injunan tura ruwa da ke nutse a cikin tanki.

Hasken rana da ke shigowa ta taga.

Zafin ɗaki a lokacin bazara, ko ɗaukewar wutar lantarki da ta tsayar da na'urar sanyaya ɗaki.

Ƙaramin tanki ya fi babba saurin ɗaukar zafi, ya kuma fi shi saurin hucewa.

Abin da zafi ke yi wa tanki

Iskar oksijin. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba. A digiri 25, litar ruwan daɗi tana iya riƙe kimanin miligiram 8.3, ta ruwan teku kuma kimanin 6.7. A digiri 30 adadin na ruwan teku yakan sauka zuwa kusan 6.2, a digiri 35 kuma ƙasa da 6. Raguwar ba ta da yawa idan aka dube ta ita kaɗai. Matsalar ita ce buƙatar halittu tana hawa a daidai lokacin, domin aikin jikin kifi da na bakteriya yakan kusa ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Alamomin ƙarancin iska su ne saurin numfashi, da taruwar kifaye a saman ruwa ko bakin famfo, da hawan katantanwa zuwa saman gilashi. Manyan kifaye masu yawan iyo su ne ke fara mutuwa.

Murjani. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka na dangin Symbiodiniaceae, waɗanda ke sarrafa hasken rana suna ba shi mafi yawan abincinsa da kuma launinsa. Idan zafi da haske mai ƙarfi suka haɗu, aikin waɗannan ƙwayoyi yakan rikice su riƙa fitar da sinadarai masu cutarwa, sai murjanin ya kore su. Namansa sai ya zama garau, farin ƙashin da ke ƙarƙashi ya bayyana. Wannan shi ake kira koɗewar murjani. Murjanin da ya koɗe bai mutu ba tukuna, yana cikin yunwa ne. Nau'o'i masu rassa irin su Acropora da Seriatopora da Pocillopora sun fi saurin kamuwa, yayin da masu dunƙulallen jiki irin su Porites suka fi juriya. Daga cikin masu laushi, Xenia yakan narke da wuri.

Cututtuka. Wasu bakteriya na jinsin Vibrio suna ƙara ƙarfi a ruwan ɗumi. An nuna cewa Vibrio coralliilyticus yana narkar da naman murjanin Pocillopora damicornis idan zafin ya kai digiri 27 ko fiye. Ƙwayar cutar fararen ɗigo ta kifi, Cryptocaryon irritans, ita ma tana saurin hayayyafa a ɗumi, kuma tana samun kifin da ya riga ya galabaita.

Amoniya. Duk abin da ya mutu yana sakin amoniya. A cikin ruwa tana zama iri biyu, ɗaya mai tsananin guba, ɗaya mai sauƙi. Kason mai gubar yana ƙaruwa idan zafi ya hau ko ma'aunin pH ya hau. Ruwan teku yana da pH kusan 8.1 zuwa 8.3, saboda haka adadin amoniyar da kifin ruwan daɗi zai iya jurewa na ɗan lokaci yana iya kashe kifin teku.

Guba daga halittu. Wasu dabbobi suna sakin guba idan sun wahala ko sun mutu. Kokwambar teku tana sakin holoturin, kifin akwati na jinsin Ostracion kuma yana fitar da guba ta fatarsa. Anemoni guda da ya ruɓe yana iya gurɓata tanki duka.

Halin da rayayyen dutse ke shiga

Aikin rayayyen dutse shi ne tace ruwa. A samansa da bakin ramukansa akwai bakteriya irin su Nitrosomonas da Nitrosococcus masu mayar da amoniya naitirait, da wasu irin su Nitrospira masu mayar da naitirait naitiret. Akwai kuma ƙwayoyin akiya masu irin wannan aiki. Na farko da aka iya warewa a cikinsu, Nitrosopumilus maritimus, daga tankin gidan kallon kifi na birnin Seattle aka samo shi, aka kuma bayyana shi a shekarar 2005. A can cikin dutsen, inda iska ta yi ƙaranci, wasu bakteriya suna mayar da naitiret iskar naitirojin.

Yawancin bakteriyar da ke cin amoniya suna aiki sosai tsakanin digiri 25 da 35. Wannan na nufin zafin da ya kashe murjani ba lallai ne ya kashe su ba. Abin da ya fi cutar da su shi ne rashin iska, domin sarrafa giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya yana cin kusan giram 4.6 na oksijin. Idan ruwa ya tsaya ko gawarwaki suka cinye iskar, aikin tacewa yakan tsaya ko da bakteriyar na raye.

Halittun da ke zaune a dutsen ba su da irin wannan juriya. Soson teku da tsutsotsi da ƙananan jatan lande suna mutuwa a cikin ramukan da hannu ba ya kaiwa, su yi kwanaki suna ruɓewa. Gansakuka mai tauri mai launin hoda da shuɗi-ja da ke lulluɓe dutsen takan yi fari. Dutse mai lafiya ƙamshin teku yake yi. Wanda abu ya mutu a cikinsa yakan yi ɗoyi, idan kuma ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai tare da baƙaƙen tabo, to iskar haidurojin salfaid ce ta taru, kuma guba ce ga kifi.

Matakan gaggawa

A sa'o'in farko ana bin wannan tsari ne:

1. Kashe tushen zafi. Ana zare hita daga soket tukuna, a bar ta ta huce a cikin ruwa kafin a fito da ita, domin gilashinta na iya fashewa. Ba a sa hannu a ruwa kafin a zare ta, saboda fasasshiyar hita na iya sakin wuta a ruwan gishiri.

2. Kashe fitilu. Haske yana ƙara zafi, yana kuma tsananta koɗewar murjani.

3. Ƙara iska. Ana buɗe murfi, a juya bakin famfo zuwa saman ruwa don ya riƙa motsa shi, a sa na'urar hura iska, a bar na'urar kumfa tana aiki. Wannan mataki yana gaba da sanyayawa wajen muhimmanci.

4. Sanyaya ruwa a hankali. Masu kiwo sukan ba da shawarar kada saukar ta wuce kusan digiri ɗaya a sa'a guda, musamman da zarar an dawo ƙasa da digiri 30. Faɗuwar zafi kwatsam wata wahala ce a kan wahala.

5. Cire matattu. Kifi ko katantanwa ko anemoni da ya mutu ana fitar da shi nan take. Murjanin da namansa ke saɓulewa ana raba shi da sauran.

6. Dakatar da abinci na kwana ɗaya ko biyu.

Hanyoyin sanyayawa biyu ne aka fi amfani da su. Ta farko ita ce fanka da ke hura saman ruwa. Ƙafewar litar ruwa ɗaya tana tafiya da kimanin kilojul 2,400, wanda ya isa ya rage wa tanki mai lita 200 kusan digiri 3. Gishiri ba ya ƙafewa, don haka ana cike gurbin da tataccen ruwan daɗi. Ta biyu ita ce ƙanƙara a cikin rufaffiyar gorar roba. Narkewar kilo ɗaya na ƙanƙara tana ɗaukar kilojul 334, saboda haka gora mai lita 2 takan rage wa wannan tanki kusan digiri ɗaya ne kacal. Ba a zuba ƙanƙarar ruwan famfo kai tsaye, domin tana ɗauke da kulorin kuma tana rage gishiri.

Kwanakin farko

Daga ranar farko har zuwa kusan mako biyu, babban aiki shi ne hana amoniya taruwa. Ana gwada ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. Abin da ake so shi ne amoniya ta tsaya a sifili. Naitirait ba ta da haɗari sosai a ruwan teku kamar yadda take a ruwan daɗi, domin sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana hana ta shiga jinin kifi, amma ganinta alama ce cewa tacewa ba ta daidaita ba.

Canjin ruwa shi ne magani mafi tabbas. Ana haɗa sabon ruwa da gishirin akwariyom da tataccen ruwa, a bar shi yana juyawa har gishirin ya narke sarai, a daidaita zafinsa da gishirinsa da na tanki. Gishirin ruwan teku kashi 35 ne cikin 1,000, wato kusan 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Canjin rabin ruwa sau ɗaya yana rage guba da rabi. Canjin kashi 25 cikin 100 sau biyu yana barin kusan kashi 56 na gubar, amma ya fi sauƙi ga halittu. Idan ruwan ya yi fari kamar an zuba madara kuma yana wari, babban canji ya fi dacewa. Wannan farin hazo bakteriya ne da suka yawaita a kan ruɓaɓɓen abu, kuma suna cin iska sosai.

Ana kuma sa sabon gawayin tacewa don ya tsotse guba da launin rawaya, a riƙa canza shi bayan kwanaki kaɗan. Audugar tacewa ana wanke ta ko a sauya ta kullum. Na'urar kumfa takan cika da wuri a wannan lokaci, sai a riƙa zubar da kofinta. Akwai magungunan ruwa da ake sayarwa don ɗaure amoniya na ɗan lokaci, sai dai ba sa maye gurbin canjin ruwa, kuma suna sa kayan gwaji masu amfani da sinadarin Nessler su ba da sakamakon ƙarya. Ba a tona yashi mai zurfi a wannan lokaci, domin hakan na iya sakin haidurojin salfaid. Idan amoniya ta ƙi sauka, ana kwashe kifayen da suka rage zuwa wani tanki na dabam mai sabon ruwa.

Sarrafa amoniya yana cin alkalin ruwa, don haka pH na iya sauka. Ana gwada alkalin a gyara shi kaɗan-kaɗan.

Gyaran rayayyen dutse

Hanyar gyara ta danganta da girman ɓarna.

Ɓarna kaɗan. Idan dutsen bai yi wari ba kuma amoniya ba ta hau sosai ba, ana barin sa a tanki. Ana fesa masa ruwa da ƙaramin famfo don datti ya fito daga ramuka, a tsotse shi da tiyo lokacin canjin ruwa.

Ɓarna matsakaiciya. Idan dutse yana wari ko yana da farin yauƙi, ana fito da shi a goge matattun soson teku da buroshi a cikin bokitin ruwan gishiri. Ba a wanke shi da ruwan famfo, ba a kuma barin sa ya bushe. Daga nan sai a jiƙa shi a robar ruwan gishiri mai famfo da iska, a zafi na digiri 25 zuwa 27, ba tare da haske mai ƙarfi ba. Ana canza ruwan duk lokacin da amoniya ta hau. Idan amoniya da naitirait suka tsaya a sifili na kwanaki a jere kuma warin ya tafi, dutsen ya gyaru. Wannan yakan ɗauki mako biyu zuwa shida.

Jiƙawa a duhu. Idan dutsen ya tara datti da sinadarin fosfet, wasu sukan bar shi a rufaffiyar roba cikin duhu na wata biyu ko fiye, suna girgiza shi suna canza ruwa duk mako. Gansakuka takan mutu saboda rashin haske, bakteriya kuma su ci gaba da rayuwa. Masu kiwo da ke magana da Turanci suna kiran wannan hanya da kalmar da ke nufin dafa dutse, alhali babu wuta a cikinta. Rashin fahimtar wannan suna ya sa wasu sun tafasa dutse da gaske, abin da ke da haɗari ƙwarai.

Ɓarna gaba ɗaya. Idan komai ya mutu ya kwana biyu yana ruɓewa, ana iya mayar da shi busasshen dutse. Ana jiƙa shi a ruwan bilic a waje, a ɗauraye shi sosai, a sa maganin kashe kulorin, a shanya shi har warin ya tafi. Ba a taɓa haɗa bilic da asid, domin suna fitar da iskar kulorin mai kisa. Bayan haka dutsen ba shi da rai ko kaɗan, sai a haɗa shi da ɗan dutse mai lafiya ko bakteriyar kwalba, a sake fara zagayen naitirojin daga farko.

Farfaɗowar murjani da kifi

Ana bambanta murjanin da ya koɗe da wanda ya mutu ta hanyar duba nama. Wanda ya koɗe yana da siririn nama a kan ƙashi, kuma ƙananan bakunansa sukan buɗe da dare. Wanda ya mutu ƙashi ne tsirara, kuma cikin kwanaki gansakuka takan rufe shi da launin kore ko ƙasa-ƙasa. Murjanin da ya koɗe ana rage masa haske, ko a sauko da shi ƙasan tanki, a kuma ba shi ƙananan abinci idan amoniya ta daidaita. Dawowar launi takan ɗauki makonni zuwa watanni, kuma takan fara ne da launin ƙasa-ƙasa. Idan nama yana saɓulewa daga gindi yana hawa, ana yanke reshen da ke da lafiya nesa da wurin ciwon a dasa shi dabam. Ana mayar da haske a hankali cikin makonni.

Kifayen da suka tsira ana sa musu ido na makonni saboda fararen ɗigo. Idan cutar ta bayyana, a tanki na dabam ake yi musu magani. Maganin da ke da jan ƙarfe yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande, kuma dutsen yana tsotse shi ya riƙa sakinsa daga baya.

Bayan makonni kaɗan tankin yakan shiga lokacin yawan gansakuka, saboda naitiret da fosfet da ruɓewa ta bari. Da farko ƙura mai launin ƙasa takan rufe yashi, sai jan yauƙi na sayanobakteriya, sai koren gashi. Wannan yakan wuce idan an ci gaba da canjin ruwa. Ba a ƙara sabbin halittu sai ruwa ya daidaita na makonni da yawa, kuma kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, ana farawa da katantanwa masu cin gansakuka.

Haɗari ga mutane

Wasu murjanai masu laushi na jinsin Palythoa da Zoanthus suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a cikin halittu. Sukan tsiro a kan rayayyen dutse ba tare da mai tanki ya lura ba. Tafasa dutsen, ko zuba masa ruwan zafi, ko goge shi a busashe, yana sa gubar ta shiga iska. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi da tari da ƙuncin numfashi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki. A shekarar 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoto kan mutanen da ake zaton sun shaƙi wannan guba a shaguna da gidaje a jihar Alaska tsakanin 2012 da 2014. A 2018 kuma an kai wani iyali asibiti a yankin Oxfordshire na Ingila bayan goge dutsen tanki a cikin gida. Gubar ba ta da takamaiman makari, kuma wanda ya ga alamunta asibiti ya kamata ya nufa nan da nan.

Saboda haka ana aikin dutse ne da safar hannu da tabarau na kariya, a cikin ruwa, a wuri mai iska. Safar tana kuma kare rauni daga Vibrio da Mycobacterium marinum, da ƙayoyin tsutsotsin teku.

Rigakafi

Hanyoyin da aka fi amfani da su sun haɗa da sa ƙananan hitoci biyu a madadin babba ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta manne ba za ta iya dafa tankin ita kaɗai ba. Ana kuma haɗa hita da na'urar sarrafa zafi ta dabam wadda za ta yanke wuta idan an wuce iyaka, a ɗaure ma'auninta sosai a cikin ruwa. Ma'aunin zafi na biyu da ƙararrawar gargaɗi suna taimakawa, haka ma sauya hita kafin ta tsufa. Na'urar hura iska mai batir da gorunan ƙanƙara da ajiyayyen ruwan gishiri suna rage asara idan wuta ta ɗauke.

A wuraren da zafin iska ke haura digiri 40 a bazara, kamar Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin ɗaki ne babbar barazana, ba hita ba. Fanka tana aiki sosai a busasshiyar iskar watannin Maris da Afrilu, amma amfaninta yana raguwa idan damina ta kawo laima. A irin wannan yanayi tankin murjani yana buƙatar na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa.

Alaƙa da koɗewar murjani a teku

Abin da ke faruwa a tanki cikin dare ɗaya shi ne ke faruwa a teku cikin makonni. Hukumar NOAA ta Amurka tana ɗaukar cewa murjani yana shiga wahala idan zafin ruwa ya wuce matsakaicin zafin wata mafi zafi na yankin da digiri ɗaya. An samu koɗewar murjani a faɗin duniya a 1998 da 2010 da kuma 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 aka tabbatar da ta huɗu. A watan Yulin 2023, lokacin da ruwan kudancin Fulorida ya yi zafi fiye da kima, masu aikin dasa murjani sun kwashe dubban murjanai daga teku zuwa tankunan da ke kan tudu har zafin ya wuce.

Juriyar zafi ta bambanta daga yanki zuwa yanki. Murjanin Tekun Fasha yana rayuwa a ruwan da ke kai digiri 34 ko fiye a bazara, na arewacin Bahar Maliya ma an san shi da juriya. Wannan na cikin dalilan da ke sa murjanai biyu a tanki ɗaya su sha zafi iri ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya ya tsira.

Duba kuma

Murjani

Zagayen naitirojin

Ɗumamar yanayi

Kiwon kifi